Barguna goma sha biyu kafin lokacin ɗari

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau da hantsi aka sauke mini buhu biyu na ƙyallaye a zaure. Telan da ya aiko da su ɗalibina ne a da, ni na koya masa lissafi a lakwal, kuma har gobe Madam yake ce mini duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Na tambaye shi nawa zan biya, ya yi dariya ya ce dama ƙonawa suke yi a bayan shago, ko yara su kwasa su naɗa ƙwallo.

Dalilin aikin nan tun bara yake. Wata asuba cikin Janairu almajirin da ke karɓar tuwon dare a gidana ya zo maido kwano, hannuwa a hammata, leɓe duk ya tsage. Na ce da me kake rufa? Ya ce buhu. Na ba shi tsohon bargona mai ruwan toka. Bayan mako guda na hangi bargon a kafaɗar wani gardi, yaron kuma ya rantse ba nawa ba ne, irinsa ne. Ban iya musu ba, don irinsa ɗin sun fi ɗari a kasuwar Tawa. Tun ranar na ƙudurta zan ɗinka barguna da ba mai irin wani, yadda ko daga nesa za a ce na wane ne.

Ƙananan yara goma sha biyu ne a makarantar allon unguwarmu. Kowane bargo santimita 120 a faɗi, 180 a tsawo. Zan yanka ƙyalle murabba'i mai santimita 17, ɗinki ya ci ɗaya-ɗaya a kowane gefe, ya rage 15. Takwas a jere, layi goma sha biyu, 96 ke nan a bargo guda, 1,152 gaba ɗaya. Da na rubuta lambar a bayan kwalin sukari sai da na ɗan yi shiru.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kwana huɗu muna tsinta ni da jikata. Ambaliyar bana ta sa an ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga wata, don haka na samu ƴar aiki kyauta, sai dai mai tsada a baki. Duk ƙyallen da ta ɗaga sai ta ce, "Kaka, wannan ya fi zanenki kyau."

Kusan rabin buhunan ba su da amfani a wurina. Leshi da duk wani yadi mai santsi na ware su gefe. Yaran nan da wutar kara suke karatun dare, da ita suke jin ɗumi da asuba, yadin roba kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya narke ya manne a fata. Gwajin ba wuya: ki zare ɗan zare ki kai bakin ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba tana tattarewa ta zama ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Atamfa da shadda na auduga kawai na ɗauka.

Na wanke su duka kafin almakashi ya taɓa su, domin sabuwar atamfa tana ɗan tsukewa a wankin fari, kuma ba kowace ke tsukewa daidai da ƴar'uwarta ba. A nan na yi ɓarnar farko. Wata shadda rinanniya mai ruwan makuba ta shiga baho ɗaya da farare, duk suka fito kamar an jiƙa su a zoɓo. Ban zubar ba. Bargon almajiri ba fari yake so ba dama.

Asabar, 19 ga Oktoba

Fuskar bargo ta farko ta haɗu, amma kada wani tela ya gani. Da ido na riƙa yanka, ina taƙama da shekara talatin da wani abu ina jan layi a allo ba ma'auni. Kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, layi na tara ya fi na farko tsawo da kusan yatsu uku. Yanzu na yanke kwali mai kauri daidai 17 da 17, jikata na zagaye shi da guntun sabulu a bayan ƙyalle, ni ina bi da almakashi. Ta biyu ta fito sumul.

Abin da ya fi ɗinkin cin lokaci guga ne. Kowane layi sai an kwantar da bakin ɗinkinsa gefe guda da dutsen guga, na gaba kuma a kwantar da shi ɗaya gefen, don in an zo haɗawa su shige juna ba tudu. Dutsen gawayi nake amfani da shi, keken kuma na ƙafa ne, wanda aka saya mini tun haihuwar fari. Wuta ta zo ko ta ɗauke, ba ruwana.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Yau ba karatu, sai na ɗauki fuska ta biyu na tafi nuna wa Malam, don kada a wayi gari na kawo kaya bai san da zancen ba. Na same shi a kan buzu yana gyaran alƙalami. Na durƙusa daga gefe muka gaisa, na warware masa. Ya daɗe yana kallo, ya shafa wani ƙyalle kore mai zanen tsuntsaye, ya sa albarka. Ina shirin naɗewa sai ya ce, "Hajiya, ƙyallayen ga, masu su sun sani?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai tela ne ya ba ni."

Ya ce, "Tela ɗinki anka ba shi, ba a ba shi yadi ba."

Ya yi mini bayani a hankali, ba faɗa. Ragowar yadi na mai yadi ne har sai ya yafe. Ɗan zare da ɓarɓashin da ke zuba ƙarƙashin keke, wanda kowa ya san ba mai waiwayarsa, wannan da sauƙi. Amma abin da ya kai a yanka murabba'i biyu ko uku a ciki ya wuce shara. Ya kawo hadisin da ke cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki, ya ce ba ya so yaransa su haddace Alƙur'ani a cikin abin da ake shakkarsa.

Gaskiya raina ya sosu. A hanya ina ta faɗa a zuci: abin da za a cinna wa wuta, shi ne yau ya zama dukiya? Yaro na kwana cikin buhu ana zancen guntun atamfa? Sai da na iso gida na zazzage buhu na biyu na sake dubawa da idon Malam. Akwai guntaye da suka kai rabin yadi. Akwai wata holan da na san turminta ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci nauyi a aljihu. Na kuma tuna sau nawa ni kaina na karɓo ɗinki ina ƙunƙuni cewa yadi shida na kai, riga da zane da ɗankwali ba su cinye shi ba, ina sauran? Ashe sauran ne yau a tsakar gidana.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mako guda ban taka keke ba, yawo nake.

Telan ya ji kunya da farko, ya ɗauka ƙararsa na kai. Da ya gane, sai ya jawo littafin awonsa, irin wanda suke manna ɗan yankin yadi kusa da sunan mai kaya. Da shi muka bi ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Mata ashirin da uku ne da maza huɗu. Mazan ya ce shi zai ji da su. Matan kuwa na san fiye da rabinsu, wasu ƴaƴansu sun bi ta ajina.

Ban taɓa sanin atamfa na da dangi haka ba. Duk gidan da na shiga na buɗe leda, kafin in yi magana an gane. "Lah, ankon bikin ƙanwata!" "Wannan ai na sunan autana ne." Wata tsohuwa a Wadata ta riƙe guntun shaddar mijinta ta ce rigar Sallar layya ce, bai sa ta sau uku ba ya rasu. Ta yafe, ta kuma shiga ɗaki ta fito da rigar kanta ta ce in haɗa. Mafi yawa dariya suka yi, suka ce Madam ba ki da aikin yi. Huɗu sun ƙara mini da tsofaffin zannuwa.

Ɗaya ce ta ƙi, mai koren nan na tsuntsaye. Amarya ce, atamfar cikin lefenta take, uwar mijinta ce ta amsa a madadinta daga bakin ƙofa. Ta ce su ba sa barin tufafin jikinsu ya shiga hannun da ba su sani ba, duniya ta lalace, da ƙyalle ake yi wa mutum aiki. Na ce yara ne za su rufa. Ta ce yaran a gidan malami suke, ko ba haka ba? Na so in ba ta amsa, na haɗiye. Tsoron nata ban yarda da shi ba ko kaɗan, amma kayanta ne, kuma tambaya na zo yi, wanda ya tambaya kuwa dole ya shirya jin a'a.

Koren ya shiga wuri bakwai a fuskoki biyun da na gama, uku a tsakiya tsundum. Daren jiya da reza na kwana, ina farke ɗinkin da na yi da hannuna, ina cusa wasu a gurbinsu. Na sa bakwai ɗin a leda tare da sauran guntun, na aika a gaya musu su aiko a karɓa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ranar kasuwa. Fuska kaɗai ba ta maganin sanyi, sai da ciki da baya. Na so in sa auduga a tsakiya, maƙwabciyata ta hana ni. Ta ce in ba an bi ta da ɗinki kusa-kusa ba, wanki biyu za ta dunƙule kamar tuwon da bai tuƙu ba, yaro kuma a bakin famfo zai dirje ta da ƙafa. Don haka na nufi layin ƴan bosho, kayan da ƴan Najeriya ke kira gwanjo, na zaɓi barguna sirara da zannuwan gado masu kauri. Na yi ciniki har mai kayan ya ce, "Hajiya, ko dai ke ma saidawa za ki yi?" Jikka goma sha takwas suka tafi, da zare da allurai. Kuɗin adashena ne na wannan zagaye.

Fuskoki huɗu a ƙasa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Keken ya ƙi hawa uku. Allura biyu na karya kafin in haƙura, ƙasan kuma sai tattarewa yake. Aikin hannu ne, ba makawa, kuma hannu ɗaya ba zai kai goma sha biyu ba. Na kai kuka wurin matan adashenmu, biyar suka amsa, Asabar da Laraba bayan la'asar.

Ga yadda muke yi. A share siminti, a shimfiɗa bayan fuskarsa ƙasa, a ja shi ya miƙe a danne kusurwoyi da duwatsu. A ɗora na tsakiya, a ɗora fuskar atamfa. A kama su da dogon ɗinki na wucin gadi daga cibiya zuwa gefe, kamar ana raba faranti. Daga nan kowa ta kama layinta, ƙananan taku, tsakanin layi da layi faɗin yatsu huɗu. Kullum daga tsakiya ake farawa. Wadda ta faro daga gefe za ta tarar da kumburi ya taru mata a ciki ba inda za ta kai shi. A ƙarshe a naɗo bayan ya hau kan fuska, a kalmashe.

Ɗiyata da ke Yamai ta turo mini bidiyon matan Bangaladash suna irin wannan da tsofaffin tufafinsu, suna kiransa kanta, layukansu kusa-kusa har bargon ya yi ƙananan raƙuman ruwa. Na nuna wa matan. Babbarmu ta kalla ta taɓe baki ta ce su ba su da tuwon dare da za su tuƙa ne? Wata kuma da ta taɓa zuwa Senegal ta ce ta ga mabiya Shehu Ibrahima Fal da riguna na haɗe-haɗen ƙyallaye, su abin ado ne ma da alamar tawali'u. Mu nan abin da muka gada saƙa ne, luru da gwado, haɗa guntaye kuwa sunansa faci, kuma faci talauci yake nunawa. Shi ya sa har yanzu surukata ba ta gane me ya kai ni ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Igiyar keke ta tsinke, an ɗaure da waya. Ɗan yatsana na tsakiya ya huje har na naɗe shi da guntun fata. Mu uku kawai muka zo yau, ana biki a Sabon Gari. An gama uku, fuskoki bakwai. Hazo ya fara sauka.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ƙyallaye sun ƙare a fuska ta takwas, saura layi huɗu. Na buɗe akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gado, wanda rabona da shi tun rasuwar Inna.

A sama akwai atamfofin 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, guda shida, na shekaru daban-daban, kowace da rubutunta. Mu malaman lakwal ba ma fashin ɗinka ta. A 1991, ranar da mata suka yi tattaki a Yamai don an ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ina nan Tawa da goyo, a rediyo na ji. Ban yi tattaki ba amma na sa atamfar shekara da shekaru kamar da ni aka yi. Na yanka huɗu ban ji komai ba, sai dariya da ta kama ni da na tuna wani ƙolo zai kwana da ranar matan Nijar a ƙirji.

A ƙasa zannuwan Inna ne guda uku. Ɗaya baƙi ne na saƙi, rinin baba, har yanzu in ka shafa sai ya bar maka shuɗi a tafin hannu, ƙanshin turaren wutarta bai gama fita ba. Shi na mayar. Biyun atamfa ne da suka sha wanki har suka yi laushi kamar fatar jariri. Na ɗauki almakashi, sai tambayar Malam ta faɗo mini. Ba ni kaɗai Inna ta haifa ba, kuma akwatin nan ba a taɓa raba shi ba, ajiya aka ba ni. Na kira ƙanwata a Konni, na kira yayanmu. Yaya ya ce, "Ke kika sani, Allah ya kai ladan kabarinta." Ƙanwata ta yi shiru a waya, can ta ce in yanka mai ruwan goro, mai ganyen in bar mata.

Mai ruwan goron ya ba da murabba'i arba'in da biyu. Ban zuba su wuri ɗaya ba, na rarraba su cikin fuskokin da suka rage.

Alhamis, 19 ga Disamba

Sanyi ya riga mu. Jiya da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara, don haka ban jira cikon sha biyu ba, na kai shida da aka gama. Na fara da gaya wa Malam cewa duk mai ƙyalle a ciki an tambaye shi, wadda ta ƙi an cire nata. Ya ce madalla, bai ƙara ko kalma ba. Ni da na shirya dogon bayani sai na ji kamar an ƙwace mini alli ana tsakiyar darasi.

Shi ya raba da kansa, daga mafi ƙanƙanta. Ya sa kowane yaro ya tsaya da nasa a buɗe gaban sauran, gardawa na kallo, ya ce kowa ya gani da kyau. Almajirin gidana ya samu mai shaddar zoɓo.

Alhamis, 26 ga Disamba

Muna ɗinki rediyo na kawo kokowar takobi daga Dosso, babbarmu na soka allura tana zagin alƙalin wasa.

Labari biyu daga makaranta. Na farko, lissafina ya yi kuskure tun daga tushe. Na auna yaro ɗaya kwance a miƙe kamar a gadon likita, alhali su bibbiyu suke kwana, baya da baya, don ɗumi. Faɗin 120 ba ya rufe biyu, na gefe kullum rabinsa a waje. Da na tambayi yaron tun Oktoba da ya gaya mini. Sauran da ba a haɗa ba zan ƙara musu layi biyu a faɗi su zama 150, wato murabba'i 120 maimakon 96.

Na biyu, barguna ba sa zama a makaranta. Da safe yaran na yafa su su fita bara, unguwa ta cika da su kamar tutoci. Tsohuwar nan ta Wadata ta aiko jikanta takanas ya gaya mini ta ga rigar mijinta ta wuce ta ƙofar gida da kwano a hannu, ta kira yaron ta ba shi koko, yanzu kullum can yake karyawa. Wata kuwa ta tare ni a wurin awo ta ce da ta san za a yi ta yawo da ankonta a titi da ta sake tunani. Na ce ai an tambaye ki. Ta ce an tambaye ta rufa, ba a tambaye ta yawo ba.

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Tara aka kai. Na goma yana kan siminti an kama shi da dogon ɗinki, biyun ƙarshe ko yankawa ba a gama ba, matan kuma sun fara zamewa, kowa da hidimarta, ga azumi na matsowa. Da ƙarin faɗin, taran sun rufe duka sha biyun, har wani sabon yaro da aka kawo daga wajen Keita. Ɗaya ya dawo gyara, tartsatsi ya huda shi wuri biyu, ramin bai wuce kan yatsa ba kuma bai ci gaba ba. Na yi masa faci a kan faci.

Telan ya zo da buhu na uku da kansa. Yanzu in zai ba da ɗinki yana miƙa ragowar a leda ya ce a tafi da ita ko a bar wa Madam, wadda ta bari ya sa alama a littafin awo. Ya ce wasu abokan sana'arsa na jin haushinsa, wai ya koya wa mata tambayar saura. Buhun bai kai rabin na farko ba.

Ledar koren tsuntsaye tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar zaure. Sau biyu na aika, ba wanda ya zo. Jikata ta ce mu sa su a na goma tunda sun manta, na ce ta bar su inda suke, ta kawo mini kwali da sabulu.